Ruger 10/22

Ruger 10/22 bindiga ce ta wasan harbi da farautar ƙananan dabbobi, wadda kamfanin Sturm, Ruger na Amurka ya fara ƙerawa a 1964. Tana cikin jinsin bindigogin da ke ɗura wa kansu harsashi: ƙarfin harbi ne ke tura makullinta baya, ya fitar da kwanson da ya ƙone, ya shigar da sabo, amma kowane harbi sai an ja kunama. Sunanta ya fito daga harsashi 10 da gidan harsashinta mai juyawa ke ɗauka, da kuma nau'in harsashin, wato .22 Long Rifle.

Abin da ya ɗaukaka ta a wurin masu saye shi ne sauƙin riƙo bayan an biya kuɗinta. Harsashinta na cikin mafi araha, ba ta dukan kafaɗa, kuma sukurori biyu ne kawai ke riƙe da bututunta, shi ya sa kamfanoni da dama ke ƙera mata kayan canji. Masu suka na cewa harsashin ba shi da ƙarfi, kunamar kuma tana da tauri. Maganarsu gaskiya ce, sai dai ba don manyan namun daji aka yi ta ba, kunamar kuwa ana iya sauya ta. Ƙanƙantar harsashin ma ita ta bar ta a hannun masu lasisi a Birtaniya, inda dokar 1988 ta haramta irin waɗannan bindigogi masu manyan harsasai.