Tarihin Sana'ar Giyar Inabi a Aljeriya, 1830 zuwa 1971

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda Aljeriya, ƙasar Musulmi waɗanda addininsu ya haramta musu shan giya, ta wayi gari a shekarar 1960 babu ƙasar da ta kai ta fitar da giyar inabi zuwa waje a duniya baki ɗaya. Ba za a gane wannan al'amari ba sai an san yadda ake haɗa giyar, domin a cikin kayan haɗin da kayan aikin amsar take.

2.0 Yadda Ake Haɗa Ta

Abubuwa biyu ne tushen aikin: zaƙin da ke cikin 'ya'yan inabi, da ƙwayoyin yis, irin waɗanda ke sa ƙullin burodi ya kumbura. Idan inabi ya nuna sai a tsinke shi, a cire tsinkayen, a murje 'ya'yan, a zuba ruwan tare da ɓawon a cikin manyan kwatarniyoyi na katako ko na siminti. Nan yis zai cinye zaƙin, ya mayar da shi barasa da wata iska mai tasowa da kumfa. Daga ɓawon ne jar giya take samun launinta. Bayan 'yan kwanaki sai a tsiyaye ruwan, a sa tuƙar a injin matsa, sannan a ɗura a ganguna har ya kwanta. Akan ƙona farar wuta a cikin gangunan don kada giyar ta yi tsami. Luwi Fasto, masanin nan na Faransa, shi ne ya bayyana a littafinsa na 1866 cewa wasu ƙananan halittu ne ke lalata giya.

3.0 Annobar Filoksera

Faransawa sun ci birnin Aljiyas a 1830, amma sun yi shekaru kusan hamsin alkama ce babban abin da suke nomawa. Abin da ya sauya al'amura wani ɗan ƙwaro ne mai suna filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwar inabi. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, masanin tsirrai Fulanshon kuma ya gano shi a 1868. A 1875 Faransa ta samar da giya lita miliyan 8,450, amma a 1889 abin da ta samu bai wuce lita miliyan 2,340 ba. Maganin da aka samu daga baya shi ne a aurar da reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure a lambunanmu. Kafin wannan dabara ta kankama, manoma da yawa sun tsiyace, sun ƙetara teku zuwa Aljeriya.

Filin noma kuwa ba su sha wahalar samunsa ba. Bayan an murƙushe tawayen Mukrani na 1871 hukuma ta ƙwace gonaki masu yawa, dokar 1873 kuma ta raba filayen gandu na dangi ta yadda Bature zai iya sayensu ɗaya bayan ɗaya. Bankuna suka ba da rance, aka dasa inabi a fadamar Mitija da yankunan Oran da Maskara da Mustaganim.

4.0 Zafin Rana da Kayan Aiki

A nan ne masu sana'ar suka yi karo da babbar matsala. Yayin da yis ke aiki ruwan inabi yakan ɗauki zafi da kansa, in kuwa zafin ya doshi digiri 40 sai yis ya mutu, aiki ya tsaya, giya ta yi tsami. A Aljeriya kuma kakar inabi tana zuwa ne a watannin Agusta da Satumba, lokacin da gari ya fi ƙuna. Saboda haka giyar farko ba ta da daraja a kasuwa. A shekarun 1890 sai aka yawaita amfani da wata na'urar sanyaya ruwa: a bi da ruwan inabi ta cikin bututai ana kwarara musu ruwan sanyi, sannan a mayar da shi kwatarniya. Sai dai wannan na'ura, da famfuna, da manyan rumbunan siminti, duk kaya ne masu tsada, don haka sana'ar ta koma hannun manyan attajirai da kamfanoni.

Rana mai zafi tana ƙara wa inabi zaƙi, zaƙi kuma shi ke zama barasa. Giyar Aljeriya ta fito baƙa-ƙirin da ƙarfi, ta kudancin Faransa kuwa tsararo ce. Sai 'yan kasuwa suka riƙa jigilarta a jiragen ruwa zuwa tashoshin Set da Marsai, suna gauraya ta da tasu. A shekarun 1930 gonakin inabi a Aljeriya sun kai hekta 400,000, wato kusan eka miliyan ɗaya, kuma giya ta zama kusan rabin kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa.

5.0 Kura da Shan Bugu

'Yan ƙasa su ne masu sassabe da datse rassa da tsinka, a kan ɗan ladan yini, a gonakin da a da kakanninsu ke shuka alkama da sha'ir. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Da aka sami mulkin kai a 1962 Turawan suka watse, masu shan giyar na cikin gida suka tafi tare da su. Faransa ta yi alkawarin ci gaba da saye, amma manomanta suka matsa mata lamba har ta janye. Aljeriya ta juya ga Tarayyar Sobiyat, wadda ta saya da araha. A 1971, da rikici ya ɓarke kan mayar da kamfanonin man fetur na Faransa hannun gwamnati, Shugaba Bumadyan ya ba da umarnin tumɓuke inabi daga dubban hektoci.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa buƙatar kasuwar Faransa ce ta haifi wannan sana'a, rufewar kasuwar kuma ita ta durƙusar da ita. Ya kamata manazarta tarihinmu su auna noman gyaɗa a ƙasar Kano, wanda ya bunƙasa daga 1912 bayan isowar jirgin ƙasa, da wannan ma'auni: wa ya zaɓi abin da za a shuka, wa ya mallaki injin sarrafa shi, wa kuma ya yanka masa farashi?