Stephen Hauser: Likitan da ya yi wa cutar jijiyoyi magani da maganin sankarar jini

Farfesa Stephen Hauser likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe fiye da shekaru 40 yana bincike a kan cutar nan da likitoci ke kira MS.

An haife shi a shekarar 1949, ya kuma yi karatun likita a Jami'ar Harvard. A 1992 ya koma Jami'ar California da ke San Francisco, inda ya shugabanci sashen cututtukan jijiyoyi na tsawon shekaru 25.

Yadda cutar take

Garkuwar jiki ita ce ke kare ɗan Adam daga ƙwayoyin cuta. To amma a cutar MS, sai garkuwar ta juya ta far wa jikin da take karewa.

Abin da take lalatawa shi ne wani farin kitse da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Idan lulluɓin ya zaizaye, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa gaɓoɓi yadda ya kamata.

Mai cutar kan yi fama da dushewar gani, da kasala, da mutuwar wani sashen jiki, wani lokaci ma har tafiya ta gagara. Galibi tana bayyana ne tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi kama mata. An ƙiyasta cewa a 2020 mutane kusan miliyan 2 da dubu 800 ne ke ɗauke da ita a duniya.

Saɓani da sauran masana

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu iri biyu, ƙwayoyin T da ƙwayoyin B. Shekara da shekaru masana na ɗora laifin cutar a kan ƙwayoyin T kaɗai, domin abin da gwaji a jikin ɓeraye ya nuna ke nan.

Farfesa Hauser ya lura cewa raunin da ake gani a ƙwaƙwalwar ɓeraye bai yi kama da na mutane ba. Da shi da abokan aikinsa suka koma gwaji a kan wasu ƙananan birai a shekarun 1990, sai suka ga alamun cewa ƙwayoyin B ma na da hannu a ɓarnar.

A daidai wannan lokaci ne, wato a 1997, hukumomin Amurka suka amince da maganin rituximab domin wata sankarar jini da ke tasowa daga ƙwayoyin B. Maganin kan manne wa wata alama da ke jikin ƙwayoyin, mai suna CD20, ya sa jiki ya hallaka su.

Farfesan ya ba da shawarar a gwada shi a kan masu MS. An yi gwajin da mutane 104, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2008. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa raunuka masu kumburi sun ragu da kashi 91 cikin 100 a waɗanda suka karɓi maganin.

Saurin da maganin ya yi aiki ya ba masu binciken kansu mamaki. Daga nan aka fahimci cewa ƙwayoyin B ne ke zuga ƙwayoyin T su kai hari, saboda haka idan aka kawar da mai zugar, sai rikicin ya lafa.

Sabbin magunguna

A watan Maris na 2017 aka amince da ocrelizumab, wanda ake ɗura wa maras lafiya ta jijiya sau ɗaya a wata shida. A gwaje-gwajen da aka yi, ya rage tashin cutar da kusan rabi idan aka kwatanta da tsohon magani na interferon. Shi ne kuma magani na farko da aka amince da shi domin nau'in cutar mai ci gaba da tsananta tun daga farko.

A 2020 aka ƙara da ofatumumab, wanda shi ma da fari maganin sankarar jini ne.

Sai dai waɗannan magunguna ba sa warkar da cutar ɗungurungum, ba sa kuma gyara jijiyar da ta riga ta lalace. Suna raunana garkuwar jiki, suna kuma iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta, don haka tilas a gwada jini kafin a fara.

Ga kuma tsada. Lokacin da ocrelizumab ya shiga kasuwa a Amurka, kuɗinsa dala dubu 65 ne a shekara. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka rituximab, wanda ya fi sauƙin kuɗi, cikin jerin muhimman magungunan MS.

Alaƙa da Afirka

A 2022 Farfesa Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard ya wallafa nazarin da ya yi a kan bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10. Ya gano cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin samun MS har sau 32.

Ita wannan ƙwayar cuta a cikin ƙwayoyin B take ɓuya. An fara gano ta ne a 1964 a birnin Landan, a cikin samfurin sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka da ke fama da zazzaɓin cizon sauro.

A 2025 Hauser da Ascherio suka raba lambar yabo ta Breakthrough, mai ɗauke da dala miliyan 3. Yanzu masu bincike na gwada alluran rigakafin ƙwayar Epstein-Barr, da fatan wata rana a iya tare cutar tun kafin ta fara.