Famfon Mai da Masu Yi Masa Fenti a Pantami

Kamfanonin mai ne suka raya sana'armu ba su sani ba. Duk sa'ad da aka sauya wa kamfani suna, sai an sauya wa famfunansa launi, tun daga Legas har Gombe. A 1976 gwamnati ta sayi Esso ta mai da shi Unipetrol. A 1979 Obasanjo ya ƙwace BP, aka raɗa masa AP. Unipetrol ya koma Oando a 2003, AP ya zama Forte Oil a 2010, daga baya Ardova. Shi kuwa famfon yana nan inda aka kafa shi, rigarsa kawai ake sakewa. Idan ka goge tsohon famfo da sanfefa a hankali, za ka ga launi kan launi, ka gane hannun wa da wa ya bi.

Tsofaffin famfuna irin su Gilbarco da Wayne ƙarfe ne mai kauri, lambobinsu a kan faifai suke juyawa, wasu ma da hannun murzawa don ranar da NEPA ta ɗauke wuta. Tsadar mai ce ta fara kayar da su. An ƙera su lokacin da lita ke kwabo 20. Da ta kai naira 11 a 1994, mitar wasu ta rasa inda za ta rubuta kuɗin. Da Gombe ta zama jiha a 1996, 'yan kasuwa suka yi ta buɗe gidajen mai, wanda bai da ƙarfin sabo ya sayi tsoho ya kawo mana nan Pantami.

Feshi ba shi ne wahala ba, yaron da ya yi shekara biyu a gareji zai iya. Mayar da murafen jikin famfon ne ke nuna wane ne oga. Fentin da, mai tina, kafin la'asar ya bushe, in ya ƙarje a shafa a gyara. Na yanzu mai hadna ya fi ƙyalli, amma samansa kan bushe cikinsa na ɗanye, kuma ba ya karɓar faci. Shi ya sa muke danna farce a bayan murfi, inda ido ba ya kaiwa. In ya bar shaida, sai a ƙara masa kwana, ko mai gidan man na tsaye yana cewa tanka na hanya.

Tun kafin fenti ake gwada kowane murfi a mazauninsa, a miƙe wanda ya lanƙwashe. Bayan fenti a share ramukan noti, don fenti na cike su. A manna tef a gefuna, a yanka washa daga tsohon tib a sa ƙarƙashin kan kowane noti. Daga ƙasa ake farawa. Da yatsa ake ɗaura notin duka, sufana ba ta taɓa ko ɗaya sai kowanne ya shiga raminsa. Zobe da agogo kuwa, aljihu. Na ga ƙarfen bel ɗin wani yaro ya ja layi tun daga gilashi har gindi, ogansa ya kasa magana.

Famfunan yanzu lambobinsu na lantarki ne, rabin jikinsu sitika, sai a ɓare a manna wata. Yawancinmu mun koma kan Keke Napep da ƙofofin gidaje.