Shirin Bunƙasa Noma na Funtua

Shirin Bunƙasa Noma na Funtua shiri ne da aka fara a shekarar 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Ya shafi gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin mulkin Kaduna, kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Ya kawo takin zamani, ingantaccen iri da hanyoyin karkara, kuma noman masara ya yaɗu a yankin.

Masu ra'ayin gurguzu, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun soki aƙidar da aka gina shirin a kanta, wato cewa fasaha da kasuwa sun isa su fitar da manomi daga talauci. A ganinsu, taki da tarakta sun fi kaiwa ga manyan manoma, 'yan kasuwa da masu sarauta, alhali talaka mai 'yar gona ya ƙara dogara ga kayan da sai ya saya. Da Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamnan Kaduna a 1979, ya ƙi amincewa da sharuɗɗan bankin na faɗaɗa shirin a faɗin jihar.