Keken guragu mai lantarki: amfanin kujerar da ke motsi da kanta

Keken guragu mai lantarki yana tafiya da batir biyu masu volt 12, ana tuƙa shi da 'yar sanda a gefen hannu. A wasu samfura, kamar na kamfanin Permobil na ƙasar Suwidin, kujerar ma tana da injinta: tana jirkicewa, tana kwantawa, tana ɗagawa. Likitoci na kallon wannan a matsayin magani.

Wanda shan inna ya nakasa, irin masu keke mai ƙafa uku da ake gani a kasuwannin Mayahi da Tasawa, yana jin jikinsa. In zama ya ishe shi sai ya gyara. Wanda lakarsa ta yanke, sanadin haɗarin kabu-kabu ko faɗowa daga gawo ko cikin rijiya, ba ya jin komai daga wurin raunin zuwa ƙasa. Nauyinsa na danne fata a kan ƙasusuwan mazaunai, jini ya daina kaiwa, gyambo ya ɓarke. In ƙwayoyin cuta suka shiga jini, gyambon na iya kisa.

Aiki mafi muhimmanci shi ne jirkicewa: mazauni da majingini su karkata baya tare, nauyi ya koma kan gadon baya. Sai an kai digiri 30 ko fiye ake samun sauƙi na gaske, kuma a riƙa yi a kai a kai, kamar minti biyu kowane rabin awa. Yana kuma taimakon wanda jiri ke ɗiba saboda faɗuwar jini.

Kwantar da majingini kaɗai yana miƙe ƙugu, yana sauƙaƙa sa robar fitsari da canza tufafi. Amma yana jan fatar baya, yana iya tayar da ƙandarewar tsoka. Shi ya sa ake fara jirkicewa kafin a kwantar. Ɗaga ƙafafu kuwa, mutane na zaton yana sauke kumburi. Ba ya yi sosai sai ƙafafun sun wuce tsayin zuciya. Akwai ɗaga kujera sama don hawa gado ko miƙa hannu, akwai kuma mai tsayar da mutum tsaye. A Amurka ma sai a watan Mayun 2023 inshorar Medicare ta amince da biyan kuɗin kujera mai ɗagawa.

Ga mutumin Tchaké, maganar ta fi tsada nisa. Keken ya haura kilo 100, rairayi na riƙe shi, yana son caji kullum, in ya lalace ba mai gyara kusa. Wanda ɗan'uwa ya aiko wa daga Turai ba tare da an auna shi ba, sau da yawa ajiya yake zama. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 sun nanata a auna mutum, a daidaita keken, a koya masa, a ci gaba da bibiya. Akwai kekunan turawa masu jirkicewa da hannu, ba batir. Wanda ke da ƙarfin hannu zai iya sunkuyawa gaba, ƙirji kan gwiwoyi, minti biyu. Matashi mai kyau dole ne, a kuma duba mazaunai safe da yamma: wurin da ya canza launi ko ya yi zafi ko tauri, a daina zama a kansa, a nufi asibiti.