Ba a Sanin Maci Tuwo Sai Miya Ta Ƙare: Darasin 1903 Daga Sakkwato Zuwa Mai Wurno

Duk lokacin da tsohon soja ya fito neman shugabancin ƙasa, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun hira: wane fage ya halarta, wace runduna ya riƙe, kuma shin ya cancanci zama babban kwamandan askarawan ƙasa? An yi wannan gardama a Najeriya a 1999 kan Obasanjo, aka sake ta a 2015 kan Buhari. An yi ta a Nijar a 1999 kan Tandja Mamadou. A Sudan kuwa, zaɓen 2000 ya haɗa hafsoshi biyu, Umar al-Bashir da Ja'afar Numairi, wanda ya yi karatun sakandare a Hantub, tsallaken kogi daga Madani. Kowane ɓangare yakan zayyano lambobin yabo da muƙaman gwaninsa. Amma Hausawa da Fulanin da ke zaune a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu suna da wani ma'auni cikin tarihin zuwan kakanninsu, kuma ya kamata mai karatu ya san shi.

A watan Oktoba na 1902 Allah Ya yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman rasuwa, a daidai lokacin da kowa ya san rundunar Lugga na shirin tasowa. Mutum biyu ne suka fi fice a neman gadon, dukansu sunansu Attahiru: ɗan Ahmadu da ɗan Aliyu Babba. Aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. Wanda duk ya hau a wannan lokaci, ya hau ne da sanin cewa yaƙi zai fara tarbarsa.

A wannan zamani, in ana lissafin sarakunan da suka gogu da fama, Sarkin Kano Alu yana sahun gaba. Shi ne ya jagoranci Yusufawa a yaƙin Basasa, ya shiga Kano da ƙarfi a 1894, aka kashe abokin hamayyarsa Tukur a 1895. Ya kara da Ningawa, ya kara da Damagaram, har ana yi masa laƙabi da Mai Sango saboda makamin da ya shahara da shi. Da a ce zaɓe za a yi bisa tarihin fage, da wuya a tsallake shi.

Sarki Alu ya tafi Sakkwato yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi tare da mafi yawan dawakinsa. Yana can baya, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A hanyar komowa labari ya riske shi. Cikin dare ya rabu da rundunarsa, gari ya waye mayaƙa ba su ga sarkinsu ba. Runduna ta rabu biyu: Waziri Ahmadu ya ja wasu suka fuskanci Turawa a Kwatarkwashi, inda ya kwanta dama, Wambai Abbas kuma ya koma Kano da sauran, daga baya aka naɗa shi sarki. Masu kare Alu suna cewa hijira zuwa gabas ya nufa, kuma ba wanda ke musun malantarsa da ibadarsa a zamansa na Lokoja har rasuwarsa a 1926. Duk da haka, abin da mayaƙan da suka kwana a sansanin nan suka gani shi ne, ran da suka fi bukatar jagora ba su same shi ba.

A Sakkwato kuwa, shawara ta rabu uku: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a yi hijira. Ranar 15 ga Maris, 1903, Attahiru ya fito da jama'arsa filin Giginya, a wajen ganuwa, suka tsaya gaban bindigogi masu ruwan harsashi da Kanar Morland ya zo da su. Ba a daɗe ba aka watse. In da ma'aunin dabarun soja za a auna shi, wannan tsayuwa a fili kuskure ce, kuma gaskiya ba ta hana a faɗi haka. Kwana shida bayan nan Lugga ya naɗa ɗaya Attahirun a madadinsa.

Abin da ya biyo baya shi ya girgiza Turawa. Sarkin da aka ci da yaƙi, wanda ba shi da gari ba shi da taska, ya nufi gabas, sai talakawa suka riƙa barin gonakinsu ana dab da damina suna bin sa, maza da mata da yara. Sarakuna irin su Ahmadu na Misau da Magajin Keffi Ɗan Yamusa suka haɗu da shi. A Burmi, kusa da Bajoga ta jihar Gwambe a yau, aka kore harin farko na Turawa a watan Mayu. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfi. Attahiru ya faɗi a tsakiyar mutanensa tare da ɗaruruwan mabiya, aka kuma kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya tattara waɗanda suka tsira. Tarihi bai san shi da cin wani babban yaƙi ba. Aikinsa shi ne ya ratsa da gajiyayyun mutane ta ƙasashen Barno da Wadai da Darfur, har suka iso gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, suka sauka kusa da Shehu Ɗalha, kudu da Sinnar. Garin da ya kafa har yau sunansa yake amsawa. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe noman auduga na Jazira, 'yan'uwa daga yamma suka yi ta kwararowa, unguwanni da ƙauyukan Hausawa suka yaɗu har Madani da kewayenta.

Jikokin waɗannan mutane sun sake ganin irin wannan rana da idanunsu. A watan Disamba na 2023, lokacin da Madani ke maƙare da waɗanda suka gudo daga Khartum, dakarun RSF suka tsallako ta gadar Hantub, rundunar da ke tsaron garin ta janye, har hukumar soja da kanta ta ce za ta binciki dalilin janyewar. Sai ranar 11 ga Janairu, 2025, aka ƙwato garin. Wanda ya goya tsohuwarsa a wancan mako ya bi hanyar Sinnar da ƙafa, ba sai an karanta masa labarin Kwatarkwashi ba.

Saboda haka, in ɗan takara ya zo da kaki da taurari a kafaɗa, ba laifi a tambayi fagagen da ya halarta, domin sanin aiki abu ne mai daraja, kuma Giginya ta nuna tsadar rashinsa. Amma kada a tsaya nan. A nemi sojojin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa a ji ta bakinsu: ran da abinci ya yanke, shi me ya ci? Ran da aka karya su, ina ya kwana? Iyalan waɗanda suka mutu da umarninsa, ya san halin da suke ciki? Mutanen garin da aka ba shi tsaro, ya fice ya bar su ko ya fitar da su? Alu yana da tarihin nasara, Attahiru ya sha kaye, Mai Wurno bai shahara da takobi ba, amma mutanen Shuɗin Nilu sun san wanda ya tsaya tare da kakanninsu da wanda ya kawo su bakin ruwa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya zaɓa mana shugabannin da ba za su bar mu ran tsanani ba.