Yadda Jiki Ke Kare Daidaitonsa Yayin Amai da Gudawa: Nazari Kan Cutar Kwalara

Tsakure

Maƙalar ta duba matakan da jikin ɗan Adam ke ɗauka domin riƙe ma'aunin ruwa, gishiri da tsamin jini idan kwalara ta kama shi. Hujjarta ita ce, matakan nan lokaci kawai suke sama wa majinyaci, ba sa mayar da abin da ya zube, kuma sukan ɓoye tsananin ciwon.

Gabatarwa

Tun ƙarni na 19 Claude Bernard na Faransa ya nuna cewa rayuwa ta dogara ne ga tsayuwar yanayin cikin jiki, sannan a 1926 Walter Cannon na Amurka ya kira tsarin homiyostasis. Ciwo kaɗan ne ke jarraba tsarin da gaggawa irin ta kwalara, wadda ke yawan ɓarkewa a ƙasar Hausa da damina.

Abin da ke zubewa da martanin jiki

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Dafin ƙwayar Vibrio cholerae yakan buɗe ƙofofin kuloraid a bangon ƙaramin hanji, sodiyam da ruwa su bi bayansa, har baligi ya iya zubar da lita 1 cikin awa 1, gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa.

Da jini ya ragu, zuciya takan ƙara sauri, jijiyoyin fata su tsuke don jinin ya wadaci ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa tafin hannu ke yin sanyi. Ƙoda takan saki renin, wanda ke haifar da anjiyotensin, shi kuma ya sa a fitar da aldosteron mai riƙe sodiyam. Ƙwaƙwalwa ta tayar da ƙishirwa, ta kuma aika basofuresin ya rage fitsari. Gudawar tana tafiya da bayikabonet, jini ya ƙara tsami, awonsa ya sauka ƙasa da ma'auninsa na 7.35 zuwa 7.45, sai huhu ya shiga dogon numfashi don fitar da iskar kabon.

Sai dai kowane mataki da kuɗinsa. Aldosteron yana riƙe sodiyam ne ta hanyar zubar da fotashiyam, wanda dama gudawa ta kwashe. Ƙodar da aka daɗe ana rage mata jini takan gaza. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yaro, domin ƙarfin jininsa kan tsaya daidai har sai al'amari ya yi nisa. Ma'aikacin da ya dogara ga awon jini kaɗai zai makara. Idanu da suka zurma, maɗigar jariri da ta faɗa, da fatar ciki da aka tsunkula ta yi jinkirin komawa, su suka fi saurin faɗin gaskiya.

Ƙofar da dafin bai taɓa ba

A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana shigar da sodiyam tare da gulukos ta ƙofa guda, kuma daga baya aka gane dafin kwalara bai rufe ta ba. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya yi ƙaranci, likita Dilip Mahalanabis ya shayar da majinyata ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 zuwa 3.6 cikin 100.

Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi a 2002 yana ɗauke da milimol 75 na sodiyam, 75 na gulukos, 20 na fotashiyam da 10 na sitiret a kowace lita. Awon nan ba abin wasa ba ne: idan sukari ya yi yawa, zai janyo ruwa daga jini zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Don haka lemon kwalba bai dace ba. Wanda kuwa ya galabaita har ba ya iya sha, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata nan take, a koma ga na baki da zarar ya farfaɗo.